Gadar Fatawu

Tun da ciwon ɓarin jiki ya kwantar da Saja Fatawu a flat ɗinsa na council, gidan hayar gwamnati, a Edmonton can ƙasar Turawa, abu biyu suka rage masa: bakinsa, da hoton wata gada a bango. Duk wanda ya shigo, ko mai gyaran famfo ne, sai ya sha labarinta.

Da Sudan ta Kudu ta sami 'yanci, an tura su, sojojin gini na Ghana, su taimaka mata. Siminti da rodi suka ɗauka, ba harsashi ba. Fatawu ne ya tsaya a kan zubin kankaren gadar, kuma kamar yadda magina ke yi a Nima, unguwarsu ta Accra, ya sa ƙusa ya zana sunansa tun simintin na ɗanye.

"Shekara ashirin da kaki, ko kaza ban kashe ba," haka yake rufe labarin.

Ran Talata aka turo masa sabuwar carer, mai kula da shi a gida, wata doguwa mai suna Nyakong. Ita kaɗai ta taɓa ɗaga shi kafaɗarsa ba ta yi zafi ba. Da ya ji daga Sudan ta Kudu ta fito, sai ya nuna bango da hannunsa mai lafiya.

"'Yata, ai ni ma'aikacinku ne. Matsa ki karanta."

Ta matsa. Ta karanta sunan da ke zane a jikin simintin gadar.

"Baba, ashe mutum ne Fatawu? Mu mun ɗauka sunan gadar ne."

Ya yi dariya har da tari. Ita ba ta yi ba.

"Dā, in damina ta sauka, ba mai iya zuwa garinmu," ta ce tana ɓalla masa maɓallin riga. "Kogi ke gadinmu. Da yaƙi ya tashi, motocin soja goma sha ɗaya suka bi ta kan gadar. Ko tsagewa ba ta yi ba. Har yau, in aka tambayi abin da ya kashe wane, sai a ce Fatawu."

"Don kasuwa muka gina ta."

"Na sani. Mahaifiyata ta kai dawa kasuwa ta kanta sau biyu."

Ta ba shi maganinsa, ta gyara masa matashi, ta ja ƙofa a hankali.

Washegari wata aka turo, Anatu, mai yawan surutu. Ta fizge shi har kafaɗar ta amsa, sannan idonta ya kai bango.

"Baba, wannan gadar ina ce?"

Fatawu ya juya fuska wajen taga.

"Nan na tarar da hoton," in ji shi.