Ludayin Jam'iyya

Jam'iyyar Ƙananan Garuruwa mutum tara ce cif, in an ƙirga da Vern, mijin Loretta Vondrasek, wanda ba ya zuwa taro. Duk Juma'a suna haɗuwa a ɗakin ƙasa na cocin garin Kessler, can tsakiyar gonakin masarar Nebraska, su ci donat, su sha kofi, su gyara Amurka da fatar baki.

Loretta tsohuwar direbar motar 'yan makaranta ce, kuma ba son siyasa ya kawo ta ba. Tun da aka rufe asibitin garin, sau uku a mako take tuƙa Vern tafiyar awa biyu a wanke masa ƙoda, manyan jam'iyyun ƙasar biyu kuwa ko a jikinsu. Ta ƙudurta sai an ga sunan jam'iyyarsu a takardar zaɓe, ko masu mulki sa ji kunya. Hakan na bukatar sa hannun mutum dubu ɗaya da ɗari biyar kafin ƙarfe biyar na wata Juma'a. Wata uku ta yi tana jan teburi daga kasuwar shanu zuwa bakin coci zuwa filin ƙwallo, rana ta toya mata wuya. Ita kaɗai ta tara dubu da ɗari shida. Sauran bayin Allah, duk da iliminsu, arba'in da ɗaya suka kawo.

Jam'iyyar ba ta da shugaba, wai shugabanci danniya ne. Dokoki biyu gare ta. Ba mai magana sai wanda ke riƙe da ludayin katako, wanda daga kicin ɗin Loretta aka aro shi tun bara. Kuma ba a zartar da komai sai kowa ya yarda. Mutum ɗaya ya harɗe hannu a ƙirji, magana ta mutu. Da wannan tsari suka yi wata biyar ba su tsayar da launin tuta ba.

Ranar Juma'ar ƙarshe, ƙarfe biyu, kwalin takardun sa hannun yana kan teburi. Abin da ya rage a ɗauka a kai ofishin zaɓe, tafiyar minti arba'in. Shi ke nan fa.

Dwight Haverkamp, likitan haƙori, ya ɗauki ludayi. Ya sha kwat da laktaye, ƙamshin turare har matattakala.

"'Yan'uwa, zan sadaukar da kaina in kai. Na ma kira ɗan jarida."

Myron Teague, malamin tarihi mai ritaya, ya harɗe hannu, sannan ya karɓi ludayi. "Jam'iyyar talakawa ba ta da fuska ɗaya, Dwight. Da haka sarauta ke farawa." Daga nan ya lula tarihin daular Rum, bai dawo ba sai uku da kwata.

Wata ta ce a yi ƙuri'a da takarda cikin hula. Dwight ya harɗe hannu. Wani ya ce su tafi su duka, kowa ya kama gefen kwalin. Aka shiga gardamar motar wa za a hau, tunda ta Dwight shan mai gare ta, jam'iyya kuma tana kishin muhalli. Loretta tana ta ɗaga hannu, ludayin yana wuce ta. Kowane suna a kwalin nan ta san fuskar mai shi, har da tsohuwar da ta sa hannu tana jan tukunyar iskar numfashi.

Huɗu da minti biyar Myron ya kawo shawarar a kafa kwamiti.

"Ku ji ni," in ji Loretta. "Za a rufe ofishin nan."

"Loretta, ba ki da ludayi," in ji Dwight a hankali, kamar mai lallashin yaro ya buɗe baki.

"Ludayin nawa ne, Dwight. Miya nake juyawa da shi tun kana tsoron allura."

Ta sunkuci kwalin ta haye matattakala. Shekara talatin ba ta taɓa wuce ƙa'idar gudu ba, ranar nan ta taka mota. Biyar saura minti shida ma'aikaciyar ofis ta buga hatimi. Loretta ta koma mota ta zauna, ta yi kukanta ita kaɗai, na murna.

Bayan mako biyu aka tabbatar da jam'iyyar ta hau takardar zaɓe. Jaridar gunduma ta buga hoton Dwight yana murmushi da haƙoransa masu tsada.

Juma'ar da ta biyo baya, Loretta ta zo da kek ɗin tuffa. Ta tarar da su bakwai, ludayi a hannun Myron. Ya karanta tuhuma: ta yi magana ba ludayi, ta ɗauki kayan jam'iyya ba da yardar kowa ba. Hukunci kora. Ya duba ko akwai mai harɗe hannu. Ita wadda ake tuhuma ba ta da ƙuri'a, Vern kuma yana gida kwance.

Ba wanda ya motsa. Minti huɗu aka gama. Tun da aka kafa jam'iyyar, wannan ne karo na farko da bakinsu ya zo ɗaya.

Loretta ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki kek ɗinta, ta miƙa hannu.

"To ba ni ludayina."

Myron ya rungume shi a ƙirji. "Wannan sai kowa ya yarda."

Ba ta tsaya jin sakamako ba. Gobe Asabar, ƙarfe shida za ta ɗora Vern a mota.