Taron Safe a Garejin Direbobi

Maigidana Malam Lukmanu, Allah ya jiƙansa, shi ne shugaban direbobi a wata ma'aikata a Abuja. Kafin ya hau wannan kujerar, duk direban da ya ce motarsa na da matsala, shi ake ɗora wa laifi. Sai kowa ya yi shiru, ya hau titi a haka. Malam ya sa kowace safiya a taru a gareji, kowa ya faɗi damuwar motarsa, ba faɗa ba tsawa.

Da ya rasu, tsorona kada wannan tsari ya bi shi kabari.

Bayan na fita takaba, na taso daga Mpape in kwashe kayansa. A garejin na tarar da sabon shugaban yana miƙa wa direbobi makullai, yana cewa, "Yau ba taro, oga na sauri zai je Kaduna."

Ba wanda ya karɓa. Leonard, direban ogan ma'aikatar, ya ce, "Yallaɓai, birkina ba ya kamawa sosai. Da wannan motar, lahira ta fi Kaduna kusa."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce tayarsa ta suɗe. Sabon shugaban ya dube su, ya mayar da makullan aljihu, ya ce, "To, a kira makaniki. Saura wa?"

Na zauna a benci ina share hawaye. Leonard ya ce, "Mama, sai haƙuri." Na ce masa wannan kukan ba na baƙin ciki ba ne.