Akwalar Baba Ta Ƙi Tashi

Wata huɗu ke nan da rasuwar Baba, tsohuwar bas ɗinsa na ƙofar gida tana shan rana, kaji har sun fara kai mata ziyara. Yaya, babban ɗan gidan, ya gaji da ganinta. Ya ce ya kira mai sayen ƙarafa, da la'asar zai zo ya ja ta, sai fa in ta tashi kafin nan. Mama ta miƙe. Mayafi kawai ta yafa, ta je ta buɗe ƙofar gaba ta zauna a kujerarta ta kullum, kamar mai jiran direba.

Auta kuwa, wanda ya yi shekara shida yana gyaran wayar mota kuma bakinsa ya fi hannunsa sauri, ya naɗe hannun riga ya ce minti goma ya ishe shi. Ya kawo batir mai caji, ya murɗa makulli. Inji ya juya, ya juya, kamar tsoho mai neman tari, bai kama ba. Ya leƙa tanki, akwai mai. Ya zaro wayar fulogi ya kusanta ta da ƙarfen inji, ya sa Yaya ya murɗa. Ko ƙyas, babu tartsatsi. Yaya ya tambaye shi ko minti goman na agogon kanti ne, wanda ba a saka wa batir ba.

Gumi ya fara yi wa Auta sallama. Ya duba fis, lafiya lau. Ya ɗora kwan gwaji a kan koyil, kwan ya ƙi kawowa. Wuta ba ta isowa ke nan. Ya bi wayar da yatsa har ya ci karo da wata baƙa, naɗe da salatif, wadda ba ta kamfani ba ce, ta shige ƙarƙashin ledar ƙasa ta ɓace. Baba bai taɓa ba kowa makullin motar nan ba, balle a san sirrinta.

Mama, da ke kallon gilashi, ta fara magana ita kaɗai. Ta ce mutumin nan bai taɓa tayar da mota ba sai ya sunkuyo ya gyara mata bakin zane, wai kada ƙofa ta kama. In sun iso ma haka. Shekara talatin.

Auta ya tsaya cak. Ya zagayo, ya durƙusa, ya ce ta ɗan ɗaga ƙafa. Can ƙarƙashin kujerarta hannunsa ya taɓo ɗan makunni, irin wanda ake ɓoyewa saboda ɓarayi. Ƙyat. Yaya ya murɗa, akwala ta yi tari biyu ta ɗauka, hayaƙi ya kori kajin.

Auta ya ɗago zai yi kirari, sai ya ga fuskar Mama. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanen.

"Ashe makunni yake taɓawa," ta ce a hankali.

Auta ya haɗiye kirarinsa. Ya dubi baƙar wayar, ya auna tsawonta da ido.

"Mama, aikina ne wannan. Kowa kusa da gwiwar direba yake saka shi, waya taƙi ɗaya ta isa. Tsohon nan sai da ya cire kujera, ya huda ƙarfe, ya ja waya har gefenki. Wahalar nan ba don ɓarawo ya sha ta ba."

Dariya ta ƙwace mata, ta goge ido da mayafi ta ce dama can wayo ya yi masa yawa.

Yaya ya koma gefe da waya a kunne, yana ba mai ƙarafa haƙuri. Auta ya tambaya ko ya dawo da makunnin wajen direba, a huta da sunkuyo.

"Bar shi inda ya sa shi," in ji Mama. "Shiga ka zaga da ni."