Jinjirin Wata a Kusurwar Hoto

Yayana Sirajuddeen irin mutanen nan ne da in ka miƙa masa hoton aurenka, ba fuskar amarya zai fara duba ba. Kusurwoyin hoton zai bi ɗaya bayan ɗaya, sannan ya gaya maka wadda ba ta fito da kyau ba. Da rana yana tashar jiragen ruwa ta Douala, yana fito wa 'yan kasuwa da kayansu daga hannun duwan, wato kwastan, yana zuba Faransanci kamar da shi aka yaye shi. Da yamma kuma sai ya haye rufin benenmu a unguwar New Bell da wani madubin hangen taurari da bai fi muciya tsawo ba, ya ɗaura masa kyamara a gindi, wai yana ɗaukar hoton sama. A garin da girgije ke kwana ya tashi da mu kusan shekara duka, abin da ya zaɓar wa ransa ke nan.

Mahaifinmu, Malam Idirisu, shi ma mutumin sama ne, amma ta tsohuwar hanya. Shekara talatin yana cikin dattawan da masallacin unguwarmu ke turawa duban wata. Yawanci a banza suke hawa, labarin ya zo ta waya daga arewa, inda sama ke a buɗe. Duk da haka sau bakwai Baba ya ga jinjirin wata da idonsa a garin nan, kuma kowanne yana iya gaya maka shekarar da wanda ke tsaye a gefensa.

Shekara biyu ke nan idonsa ya lalace, kuma ni kaɗai na san yadda ya lalace, don ni na raka shi wajen likita, ni ke kai masa shayi. Tsakiyar ganinsa ce ta mutu. Abin da ya kalla kai tsaye ba ya ganinsa, sai abin da ke gefe. In muna mu biyu yakan karkatar da kai ya kalli bango, ta haka yake ganin fuskata. Amma a gaban Yaya Sirajo ba ya yi. Yana miƙe wuya ya fuskance shi sosai, kamar mutumin da lafiyarsa ƙalau. Ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa ba, wai kada yaron ya shiga damuwa. Yaron da ake magana ya haura arba'in.

A tsakiyar watan Sha'aban Baba ya ce bana ne hawansa na ƙarshe duban wata. Gwiwa ta ƙi, in ji shi, maganar ido kuwa bai taɓo ta ba.

"Da dai zan ƙara ganin jinjirin wata sau ɗaya, da na gode wa Allah," ya ce.

"Baba, bar min wannan," in ji Yaya. "Jinjirin Sallah zan kawo maka shi har falo, a talabijin. C'est promis, alkawari ne."

Daga ranar nan gidanmu bai sake jin wata magana ba sai ta gilashi biyu. Abokinsa Abdulsalami zai zo gida daga Faransa yin azumi, ya ce jakarsa ta cika da tsarabar dangi, abu ɗaya tak zai iya sako masa. Gilasan kuwa dukkansu ƙanana ne, ana sa su tsakanin madubin da kyamara. Yaya ya zaunar da ni ya yi min bayani sau uku ban tambaye shi ba. Madubin nasa, in ji shi, taurarin da ke tsakiyar hoto yana fito da su tsaf, amma na gefe sai su miƙe kamar ƙwayar shinkafa. Gilashi na farko aikinsa ya gyara gefunan nan, ko'ina ya zama daidai. Shi yake kira aplanisseur, ni na sa masa suna mai guga. Na biyun, réducteur, rage girman abu yake yi, sai fili mai faɗi na sama ya shiga hoto ɗaya, hasken kuma ya ƙaru. Wannan na kira shi mai ragewa.

Bilya mai ɗaukar hoton biki, wanda suka yi makaranta tare, ya zo har gida ya ba shi shawara, ina jin su daga kicin.

"Mon frère, wata za ka nema da magariba, tsakanin giragizai, minti goma ko ƙasa da haka. Ɗauki mai faɗin fili, ka same shi da sauri. Wata ɗaya ne, a tsakiya za ka sa shi. Me ya haɗa ka da gefe?"

"Bayan Sallah fa? Zan ci gaba da ɗaukar taurari."

"Bayan Sallah ka nemi ɗayan. Yanzu maganar Baba ake."

Yaya ya ce zai yi tunani, ni kuwa na san ya gama tunaninsa tun tuni. Yana cikin wani zauren waya na masu irin wannan lalura, mutanen Lyon da Dakar da wasu garuruwan da bai taɓa takawa ba. Duk wanda ya tura hoto, kusurwa suke fara buɗewa su yi masa dariya cikin ladabi. Sau biyu wani tsohon bature ya rubuta masa cewa taurarinsa na gefe sun yi wutsiya. Yaya ya fi wata guda yana jin zafin maganar nan. Sai ya ce mai guga za a kawo masa.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina, tsoho ya roƙi abu ɗaya a duniya, kai kuma kana neman yardar wani da ko sunanka bai iya faɗa ba.

Gilashin ya iso da nasa sharaɗin. Sai an bar tazarar milimita hamsin da biyar cif tsakaninsa da cikin kyamara, in ba haka ba aikin banza ne. Zoben da zai cike tazarar bai zo ba. Sau uku Yaya ya hau bensikin, wato babur ɗin haya, da azumi a bakinsa, cikin cunkoson Ndokoti, zuwa wajen wani mai injin sassaƙa ƙarfe a unguwar Village. Na farko ya yi kauri, na biyu ya yi siriri. Da ya dawo da na uku leɓɓansa sun bushe, amma fuskarsa kamar wanda aka yi wa haihuwa. Ya gwada a kan wasu taurari da suka leƙo bayan sallar asham, ya kira ni in ga kusurwoyi. Na ce sun yi kyau. Ni dai ɗige-ɗige na gani.

Ranar ashirin da tara ga azumi muka hau rufi tun kafin rana ta faɗi, ni da Baba da Yaya. Na ɗauko dabino da ruwa da makala, irin fanken garin nan, a leda. Benen hawa uku ne, Baba ya huta sau huɗu. Yamma duk girgije ne, sai wata tsaga doguwa can ƙasa wajen kogin Wouri, ja kamar garwashi. Aka kira salla, muka sha ruwa a tsaye.

Abin da Bilya ya faɗa shi ne ya faru, ba ragi. Filin da kyamara ke gani ɗan ƙarami ne, Yaya yana juya madubi dama da hagu, allo ba ya nuna komai sai toka-toka. Wayarsa tana ce masa wata yana nan, girgije yana cewa ba ya nan. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya fara magana shi kaɗai da Faransanci, irin maganar da ba a yi a gaban uba.

Baba yana zaune a kujerar roba, fuskarsa tana kallon yamma.

"Sirajo, ina rana ta faɗi?"

"Bayan dogon injin nan na tasha, Baba."

"Miƙe hannunka. Ɗora dunƙulen hannu ɗaya a kan wurin, ka ɗan yi hagu kaɗan. Nan za ka jira shi. Kada ka bi shi, shi zai sauko cikin tsagar."

Yaya ya kalli waya, ya kalli Baba. Rabin maganar ya ɗauka. Ya kai madubin wajen da aka ce, amma hannunsa ya ƙi zama, ya ci gaba da lalube yana danna kyamara ba ƙaƙƙautawa. Kafin mu ankara tsagar ta rufe. Ba mu ga komai ba, mu duka uku. Muka yi magariba a nan kan tabarma. Muna saukowa wayoyi suka fara ƙara, an ga wata a arewa, gobe Sallah. Yara suka cika layi da ihu. Baba ya ce alhamdu lillahi, muryarsa ba ta nuna komai ba.

Ina cikin yanka albasar miyar Sallah Yaya ya faɗo kicin da kwamfutarsa. A cikin hotuna sama da ɗari biyu, ɗaya ya kama shi. Yana can ƙuryar sama ta dama, saura kaɗan ya fice daga hoton, siriri kamar yankan farce, kwance da ƙahoninsa biyu a sama. Ya fito tsaf, ko'ina a jikinsa a yanke.

"Kin gani? Da babu aplanisseur, a wannan kusurwar da ya narke ya zama hayaƙi," ya ce. Sai kuma ya ɓata fuska. "Amma cadrage ɗin, yadda ya maƙale a ƙurya, abin kunya ne. Attends, bari in gyara."

Ya yanke hoton, ya dawo da jinjirin tsakiya daidai, kamar yadda mutanen Lyon ke so. Ya haɗa da talabijin, ya zaunar da Baba a kujerar da ke fuskantarta sosai, ya kashe fitila.

"Ga alkawari, Baba."

Baba ya miƙe wuya ya kalli tsakiyar allon kai tsaye. Ya daɗe.

"Masha Allah," ya ce. "Allah ya yi maka albarka. Ya yi kyau."

Na san muryar nan. Da ita yake yaba abincin da gishiri ya yi wa yawa. Bai ga komai ba, kuma ya gwammace ya mutu bai gani ba da ya karkatar da kai a gaban ɗansa. Zuciyata ta yi zafi da su biyun, mai girman kai da ɗan mai girman kai. Alkawarin da na yi na baki ne, bai hana hannuna komai ba. Na matsa kusa da kwamfutar na danna baya, hoton farko ya fito, wanda ba a gyara ba.

"Zulfa, wannan ba shi ne mai kyau ba," in ji Yaya.

Baba bai motsa kansa ba. Hannunsa ne ya tashi a hankali, ya nuna ƙuryar allon ta sama.

"Ga shi can," ya ce. Muryarsa ta canza gaba ɗaya. "Ga shi can kwance. Ɗan kwana ɗaya ne, dubi sirantarsa. Irin na shekarar da aka haifi Zulfa." Ya yi addu'ar ganin wata har ƙarshe, hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

Yaya ya tsaya yana kallon yatsan Baba, ya kalli inda idon Baba ke kallo, wato tsakiyar allon inda babu komai sai duhu. Mutumin da ya auna milimita hamsin da biyar bai buƙaci a yi masa bayani ba. Ya juyo ya kalle ni, na sunkuyar da kai.

"Tun yaushe?" ya tambaya a hankali.

"Shekara biyu," in ji Baba.

Shekara biyu ke nan kullum da safe Yaya yana durƙusawa daidai gaban Baba ya gaishe shi, ido cikin ido, don ladabi. Yaya ya kunna fitila. Ya ɗauko kujerar roba, ya kai ta gefen dama na Baba, can wajen da jinjirin ya fito, ya zauna.

Baba ya ci gaba da fuskantar talabijin.

"Sirajo," ya ce, "yaushe ka yi furfura haka?"