Juyi Biyu da Rabi

A kamfanin fasa dutse kowa ya san Sarkin Noti ba ya kuskure. Shi ke ɗaura robar gefe, doguwar robar nan da ke hana tsakuwa zubewa a inda take sauka kan bel ɗin da ke jigilarta. Aikin na lallaɓawa ne: in an matse ta sai ta ci bel, in an sake ta tsakuwa ta tsiyaye ƙasa. Shi kam da kunne yake auna ta. Yakan kara kai kusa da bel, ya lumshe ido kamar mai sauraron gulma, sannan ya ɗan juya sufana.

Shi ya sa abin ya ɗaure wa sabuwar injiniya kai. Noti ashirin da huɗu ne ke riƙe robar, amma kullum sai an sami tulin tsakuwa ƙarƙashin na ƙarshe.

Ba ta san tulin nan yana da mai shi ba. Ƙanen Sarkin Noti ne, wanda ake kira Shebur, mai 'ya'ya biyar, aikinsa kwashe abin da ya zube. Ran da zuba ta ƙare, aikinsa ya ƙare. Don haka shekara takwas ke nan, kowace safiya kafin a ta da inji, yayan yakan sassauta notin ƙarshe juyi biyu da rabi, yana ta waige-waige.

Ran Litinin injiniya ta kira shi. "Baba, an ce mini babu kamarka. To, ran Alhamis zan zo da kaina. In na ga ƙwayar tsakuwa ɗaya a ƙasa, sai ka koma sito ƙirgar kusoshi, mu kawo wani."

Sito! Mutumin da bel ke yi wa magana a kunne! Gaskiya ya tsorata, ya kuma ji kunya. Ran Alhamis da safe ya daɗe tsaye gaban notin. Ya tuna 'ya'yan ƙanensa, ya ja tsaki, ya sassauta shi kamar kullum.

Aka ta da inji, bel ya ɗauki kaya. Injiniya ta tsuguna da tocila tana haska ƙasa. Minti goma, minti ashirin, wurin fes. Sarkin Noti ya kara kunne, ya ji robar tana siririn sautin nan da yake so. Wani ya taɓa masa noti, kuma ya taɓa daidai, abin da ya fi ba shi haushi ke nan.

Da ya juya sai ga Shebur tsaye, kan sufana na leƙowa daga aljihunsa.

"Kai! Wa ya aike ka?"

"Yaya, shekara takwas ina kallonka ta bayan inji. Biyu da rabi kake saki, biyu da rabi na mayar."

"Au, ashe ka sani?"

"Da wannan waigen naka? Har maigadi ya sani."

"To sakarai, yanzu me za ka kwasa?"

Shebur ya sunkuyar da kai. "Allah ba zai hana ni ba. Amma a kai ka sito saboda ni, wannan kam ba zan iya gani ba."

Injiniya ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa, ba abin da bai shiga kunnenta ba. "Wato Baba, kai ke ɓatawa, shi ya gyara?" Ta danne dariya. "Bel na biyu ba shi da mai kula. Daga gobe ya ajiye shebur, ya koma can. Kai kuma ka koya masa sauran noti ashirin da uku, tunda ɗaya kaɗai ya iya."

Farin ciki ya kama Sarkin Noti. Sai ya fizge sufanar daga aljihun ƙanensa, ya jujjuya ta.

"Wannan ma tawa ce. Wata uku ina nemanta."

Ya goge ta da bakin rigarsa, ya damƙa masa ita a hannu.