Wanda Ya Ɗauki Gawar 'Yar Hauni

"To ka ce ba ka da lafiya mana!" in ji Walburga. "Ka ce hannunka ya sage."

Endres bai ɗago daga wasa takobinsa ba. "Sai su aiko da haunin garin gaba. Mashayin nan. Bara sara uku ya yi wa wata mata kafin kai ya rabu."

"Kunz ne fa za ka sare, maigida."

"Na san sunansa."

Shekara huɗu ke nan da rasuwar 'yarsu. A garin, duk wanda ya taɓa hauni, ko kofin giyarsa, ko gawar gidansa, ya ƙazantu har abada. Kwana biyu yarinyar tana kwance babu mai ɗauka. Sai ga Kunz maƙeri, ya kama gaban akwatin gawar. Mako bai zagayo ba ƙungiyar maƙera ta kore shi. Yunwa ta kai shi satar tumaki, alƙali ya yanke masa rataya.

Abu ɗaya Endres ya iya yi masa. Ya tsaya a bakin ƙofar majalisar gari, hula a hannu, ya roƙa a mayar da igiya takobi. Wanda aka rataye, hankaki ke cinye shi a sama. Wanda aka sare yana da kabari a harabar coci. Suka yarda, suka ce amma ɗaukar gawa ba ruwansu.

Washegari ƙanƙara ta rufe filin, mutane kuwa maƙil. Kunz ya durƙusa, ya dubi Endres sama da ƙasa.

"Ka rame, mutumina. Har yanzu miyar kabejin Walburga ce?"

Endres ya faɗi abin da al'ada ta ce hauni ya faɗa. "Ka yafe mini abin da zan yi maka."

"Na yafe. Amma sau ɗaya fa. Kar ka yi mini aikin 'yan koyo."

Sau ɗaya ya yi.

Alƙali ya ce an cika hukunci bisa doka, ya ja rigarsa ya tafi neman wuta. Endres ya goge takobi. Shi kaɗai ya sa Kunz a akwati, ya gyara masa kai, ya buga ƙusa huɗu. Ya gwada ɗagawa, akwatin ya ƙi. Coci na can ƙarshen gari.

Ya juya ga taron. Ga maƙera a sahun gaba, waɗanda suka yi shekara ashirin suna zuga wuta ɗaya da mamacin. Kowa ya tura hannu cikin riga. Wani ya shiga duban takalminsa.

Endres ya sunkuya ya kama gaban akwatin, inda Kunz ya kama a wancan karon.

"Jama'a," ya ce, "wa zai kama mini wajen ƙafa?"