Jikan Malam Dawuda

A daminar 2004 wani kamfanin fasa dutse ya kafa injina a gindin tsaunin da ke bayan ƙauyensu Markus, kan hanyar Zuru zuwa Ribah. Kafin rani ya yi nisa, rafin da ake sha ya koma fari kamar an dama alli, yara suka fara gudawa.

Markus sabon malamin firamare ne, jikan Malam Dawuda, wanda a zamanin Turawa ya hana a kwashi manoma aikin dole ana tsakiyar girbi, ya sha ɗaurin wata tara a kan haka. Ya daɗe da rasuwa, amma in an ambace shi tsofaffi kan gyara zama. Don haka samari suka sa Markus gaba, suka shirya ranar kasuwa za su cinna wa motar kamfanin wuta.

Ya je gaida kakarsa Saloma, matar Malam Dawuda, ya same ta tana ɓarar gyaɗa. Ya gaya mata shirin, ya ƙara da cewa, "Kaka, da Malam yana raye abin da zai yi ke nan."

"Ba ka san shi ba," in ji ta. "Wata biyu ya yi yana bin gidaje da ƙafa, na masu coci da na masu masallaci da na masu gargajiya. Ranar da aka zo kwasar mutane, zama suka yi a ƙasa. Ko sanda bai bari an riƙe ba. Wa ke tuƙa motar nan?"

"Japhet."

"Ɗan Beatrice gwauruwa? Shi za ku ƙona?"

Markus ya sunkuyar da kai.

Ta ture ƙwaryar gefe. "Amma kakanka ma ya yi kuskure. Ya nemi shawarar kowa ban da mu mata. Da aka ɗaure su, mu muka yi girbin, ni da cikin ubanka. Na daɗe ban yafe masa ba. Kai ma ga shi, wa ke ɗebo ruwan nan? Ka tambayi ko guda?"

Bai tambaya ba. Washegari ya ƙetare rafi ya yi sallama gidan Rahmatu ungozoma. Ta saurare shi daga bakin ƙofa, sannan ta lissafa masa gidaje goma sha ɗaya da yaransu ke kwance, wasu bai ma san da su ba.

"Malam, ku bar mana wannan," ta ce. "Ku dai ku tsaya a bayanmu."

Da ya ce a fasa ƙona motar, samari da dama suka yi fushi, suka ce jinin Dawuda ya tsinke. Abin ya yi wa Markus ciwo, amma ya bi su ɗaya ɗaya har mafi yawa suka haƙura.

Ranar kasuwa mata kusan ɗari suka ɗebo ruwan rafin, suka jera bokitai a ƙofar kamfanin, suka zauna. Japhet ya iso da mota, ya hango uwarsa a cikinsu, ya kashe inji ya sauko. Da manaja ya fito, Rahmatu ta cika moɗa ta miƙa masa.

"Bismilla, baƙonmu ne kai."

Ya dubi ruwan, bai karɓa ba.

Kwana huɗu suna zuwa tun safe. A na biyar kamfanin ya yarda ya daina wanke tsakuwa a rafin, ya haƙa rijiyar burtsatse ɗaya a kowane ƙetare. Fasa dutsen bai tsaya ba, ƙura ta ci gaba da sauka kan gonaki, Japhet kuma ya rasa aikinsa.

Da aka kafa kwamitin kula da ruwan, mutane suka kira sunan Markus. Ya miƙe ya ce a ba Rahmatu, shi zai riƙa rubuta mata wasiƙu. Ta farko da suka rubuta, ta neman a mayar da Japhet aiki ce.